Abin da Kiyashi Suka Sani

Parmesh, sau biyar na ƙirga daren jiya.
Sau biyar ƙyauren bayan gida ya yi ƙara,
sau biyar ka dawo ka kafa baki a famfo
kamar wanda ya wuni yana lasar gishirin teku.
Ka ce zafin Labasa ne.
Shekara hamsin da biyu kana shan zafin nan,
yaushe ya koyi tashin mutum da tsakar dare?

Kakar rake ta kama.
Tun asuba kana kan kujerar babbar mota,
layin ma'aikatar sukari ya miƙe har gada,
kai da tumbinka kuna jiran awo.
Shayi kofi shida, kowanne cokali uku,
alewar madara a ƙunshe cikin jarida.
Ƙafarka ba ta san wata tafiya ba
sai daga birki zuwa totur.

Ni na huda wa bel ɗinka sabon rami,
na sake huda wani kafin Diwali.
Kana cin shinkafar mutum biyu, ga rogo ga gwaza,
wando kuwa sai zamewa yake.
Ka ce samartaka ce ta dawo.
Wace samartaka ke gyangyaɗi a kan kwano,
ta kai jarida nesa, ta jawo ta kusa,
ta ce masu bugawa sun rage tawada?

Ganyen rake ya yanke ka a idon sawu
ranar bikin 'yar Satend.
Amarya har ta fara laulayi,
mikin bai rufe baki ba.
Na sa kurkum, na sa man kwakwa.
Shekaranjiya na tsikari babban yatsanka da allura
kana sauraren rediyo,
ko gezau.

Baƙin nan na ƙeyarka, mai laushin karammiski,
da na yi ta dirza ina tsine wa baƙin mai,
ashe ba dauɗa ba ce.

Ba na son tono,
amma takalmin mahaifiyarka na hagu yana ƙarƙashin gado, sabo fil.
Na daman ne ya tsufa shi kaɗai.
Yayanka Jagdish kullum safe sai allura.
Ba gonar rake kaɗai aka bar muku gado ba.

Da gari ya waye na ga kiyashi
sun yi jerin gwano a gindin gwanda,
inda ka rage mara don ƙyuyar ƙarasawa.
Sun bar mini gwangwanin sukari a buɗe,
sun zo wurinka.
Sai na binne makullin motar cikin buhun shinkafa.

A asibiti, nas Merewalesi ta ɗigi jininka,
ta dubi lambar, ta dube ka, ta jawo biro.
"Gobe ka dawo kafin ka karya, mu tabbatar.
An zo da sauran rana."
Har na fara ɗaga kai irin na mai gaskiya
ta juyo: "Ke fa, ɗanki na fari kilo nawa?"
Huɗu da rabi, na ce da alfahari.
"Hawan jini?" Ina shan ƙwaya.
Amma ni ba na jin komai.
"Shi ciwon sukari ba kullum yake sallama ba.
Yakan shekara goma a gida ba a ji tarinsa ba.
Miƙo yatsa."

Ina ta yayyafa wa gemunka ruwa,
ban ji ƙaurin gefen zanena ba.

Mun bar bas ta wuce, muka taka,
rake a dama, rake a hagu, ya fi mu tsawo,
kowa da ɗan audugarsa a yatsa.
Da yamma na dafa shayi lami.
Ka kurɓa, ka yatsine fuska, ka dube ni.
Na kurɓa nawa.
Bai yi daɗi ba, Parmesh.
Shanye.